Yadda Majanyin Hatsi Ya Zama Ƙaiƙayi

Dalilin da ya sa suna ɗaya yake ɗauke da abu biyu, wato ƙaiƙayin da ake sheƙewa daga gero a zubar, da ƙaiƙayin da ke sa mutum susa, labari ne na wasu 'yan'uwa uku. Ku matso nan inuwar tsamiya, ku bar wa iyayenku turmi. Kafin su gama sussuka zan gaya muku shi yadda kakata ta gaya mini.

A can da, babu sussuka a duniya. Babu macen da ta taɓa ɗaga taɓarya a kan zangarniyar gero. Kuma babu susa. Farce ba shi da wani aiki sai ɓare gyaɗa. Wannan abin da kuke gani yana tashi a iska, a lokacin ba ƙaiƙayi ake ce masa ba, majanyi ake ce masa, kamar zanen da uwa take ɗaure goyonta da shi. Ai shi ke goya ƙwaya tun tana ruwa-ruwa har ta ƙosa, ya tare mata rana, ya tare mata bakin tsuntsu. Laushinsa kamar audugar rimi, ƙamshinsa kamar ƙasar da ta sha ruwan fari. Kuma yana da nauyi, nauyi sosai, daidai da na hatsin kansa. In ka cika ƙwarya da shi ka cika wata da gero, ka rufe ido ka ɗaga, ba za ka bambance su ba.

In kaka ta yi, mata sai su shimfiɗa tabarmi a bakin gona, su kwance dami, su jera zangarniya, su zauna su yi waƙa a hankali:

Majanyi, sannu da goyo,
Sauke mana ɗa, mun zo karɓa,
Ka gaji, kwanta ka huta.

Sai ka ji majanyi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da ƙara kamar ta yayyafi a kan jinka. Ƙwaya ta gangara dama, majanyi ya kwanta hagu. A ɗebi wanda za a cusa a matashin kai, a ɗebi wanda za a shimfiɗa wa jarirai, sauran a mayar da shi gona ya kwanta a inda ya fito.

To, a wani gari da ake kira Gangaren Dinya akwai wani babban manomi, sunansa Nomau. Yana da ƙanne mata biyu. Ta farko Tabawa, wadda mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidan yayanta da zama. Duk ƙasar babu mai muryar waƙar majanyi kamarta. In ta buɗe baki, har damin da ba a kwance ba sai a ji yana motsi. Ta biyu Hakama, autarsu, wadda aka kai aure wani ƙauye mai suna Kwarin Gawo, tafiyar kwana biyu.

A wata shekara gonar Nomau ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Dama burinsa ɗaya ne a duniya, a naɗa shi Sarkin Noma. Sharaɗin dattawan garin kuwa shi ne mutum ya cika rumbu goma har baki, su hau tsani su leƙa da idonsu. Shekara bakwai Nomau yana tsayawa a tara. A wannan shekara na goman ya cika, amma cif, ko ƙwarya ɗaya ba ta yi saura ba. Aka sa ranar da dattawa za su zo dubawa.

Saura kwana uku, sai ga Hakama ta shigo gari tana kora jakuna biyu, da taiki huɗu babu komai a ciki. Taiki shi ne babbar jakar fata da ake zuba hatsi. Ta rame, zaninta ya yi mata yawa. Ta durƙusa a ƙofar gida, inda Nomau yake zaune da mutane, ta gaishe shi.

Ta ce, "Yaya, fara ta sauka mana. Wuni ɗaya ta yi, ta tashi ta bar mana kara tsaye. Gida goma sha biyu ne a ƙauyenmu, babu wanda ya yanki zangarniya ɗaya. Ba abinci na zo roƙo ba, wannan za mu lallaɓa. Iri muke nema, abin da za mu shuka in damina ta dawo. Suka ce ni zan zo, tunda ni ce ƙanwar Nomau."

Nomau ya dubi taikunan nan huɗu, ya dubi mutanen da ke zaune suna kallon bakinsa. Ya san mai neman sarautar noma ba ya hana ƙanwarsa iri a gaban jama'a. Sai ya yi dariya mai ƙarfi ya ce, "Haba auta, wannan har sai kin durƙusa? Shiga ki sha fura ki huta. Gobe za ki tafi da taikunanki a cike."

Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa, Nomau ya kira Tabawa bayan rumbuna. Ya nuna mata tarin majanyin da ke jiran a mayar gona.

Ya ce, "Ki cika su da wannan. Ki bar kamar kamu ɗaya daga sama, ki zuba gero. Ki ɗaure da kyau."

Tabawa ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Yaya, iri ne fa. Ba za su buɗe ba sai ranar shuka."

Ya ce, "Shi ya sa. Kafin ranar an naɗa ni. In an naɗa ni, sai in aika musu da na gaske, har da ƙari. Wa ya cutu?"

"In ka manta fa?"

Ya juya ya dube ta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tabawa, ɗakin da kike kwana, wa ya yi masa jinka? Tuwon da kika ci jiya, daga rumbun wa ya fito?"

Tabawa ta nufi tarin majanyin. Ta durƙusa ta fara ɗiba da hannu biyu. Majanyin da ta sani da ɗumi, ranar sai ta ji shi da sanyi kamar ruwan randa. Kuma ta ji kamar ana wata 'yar magana can ƙasa-ƙasa a cikinsa, irin maganar da mutum yake ji in yana tsakanin barci da farkawa. Ta kau da kunnenta. Ta cika taiki huɗu, ta rufe kowanne da gero, ta ɗaure.

Da safe aka ɗora wa jakuna. Nauyi ya yi daidai, jakuna har suna nishi. Hakama ta shafa ƙullin igiyar ta yi murmushi, ta ce, "Wannan ɗaurin Yaya Tabawa ne. Na san ko ƙwaya ɗaya ba za ta zube a hanya ba." Ta rungume ta, ta kora jakunanta ta tafi. Tabawa ta tsaya a bakin hanya har ta daina hango su.

Dattawa suka zo, suka hau tsani, suka leƙa rumbu goma. Aka naɗa Nomau Sarkin Noma. Aka yanka sa, aka yi kiɗa kwana uku, babu wanda bai ci tuwon bikin ba a Gangaren Dinya. Bayan biki Tabawa ta tuna masa sau ɗaya, ya ce sai an gama karɓar baƙi. Ta tuna masa na biyu, ya ce ai damina da saura. Na uku ta zo za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta wuce kamar ruwa za ta ɗebo.

A Kwarin Gawo kuwa, Hakama ta jingina taikunan a ƙuryar ɗakinta, ta rufe su da tabarma. Rani ya yi tsawo. Mutane suka ci goruba, suka ci aduwa, suka tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar da ta ɓoye. 'Ya'yan Hakama su kan zo su kwanta jikin taiki su sa hanci, su ce, "Inna, ko tafi ɗaya." Sai ta ce, "Wannan ba namu ba ne, na ƙasa ne. Ku yi haƙuri, in mun ba ta za ta rama mana." Wata maƙwabciyarta da nononta ya ƙafe ta zo tana kuka, Hakama ta yi kuka tare da ita, amma ba ta kwance igiyar ba. Wata biyar haka.

Rannan da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, gida goma sha biyu suka fito, maza da sungumin saran shuka a kafaɗa, mata da ƙore a hannu. Aka fito da taikunan tsakar ƙauye. Hakama ta kwance na farko ta fara rabo. Ƙwarya ɗaya, ƙwarya biyu. A ta uku hannunta ya nutse cikin laushi.

Ta zura hannu har kafaɗa. Ta kwance na biyu, ta kwance na uku, ta kwance na huɗu. Wani tsoho ya sauke sunguminsa a hankali ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Hakama ta kama gindin taiki ta zazzage. Majanyi ya taru a gabanta, fari, mai ƙamshi, kamar ranar da aka zuba shi. Ta san aikin yayanta ne, amma yayanta yana can tafiyar kwana biyu. Abin da ke gabanta shi ta yi wa magana.

Ta ce, "Har da kai. Wata biyar kana kwance a ɗakina. 'Ya'yana suna kwana jikinka da yunwa, kana jin su, ba ka ce komai ba. Ka ari nauyin hatsi ka zauna da shi, alhali babu komai a cikinka. Wofi kawai! Abin banza, abin zubarwa! Ba ka ƙoshar, ba ka tsiro. Allah ya raba ka da nauyin da ka cuce ni da shi."

Tunda aka halicci majanyi ba a taɓa gaya masa baƙar magana ba, godiya kawai ya sani. Kunya ta kama shi. Mutanen da ke wurin sun ce sun ga tarin nan yana ƙanƙancewa, yana bushewa, gefensa yana yin tsini. Nauyinsa ya zube a ƙasa kamar yadda ruwa ke tsiyayewa daga wanki. Sai wata 'yar iska ta biyo bayan ruwan, iskar da ko ganye ba za ta kaɗa ba, ta taɓa shi. Ya tashi.

Ya tashi gaba ɗaya, ya yi sama da kan itatuwan gawo, ya tsaya kaɗan kamar mai tuna hanya, sannan ya nufi yamma. Makiyaya a daji sun ga wani farin girgije yana tafiya ƙasa-ƙasa, ba shi da inuwa, rana tana ratsa shi yana ƙyalli kamar an watsa garin zinariya. Masunta sun gan shi ya tsallake kogi, kifaye suna ɗago kai suna kallo. Duk gonar da ya ratsa, majanyin da ke kwance a cikinta sai ya saki nauyinsa ya tashi ya bi shi. Duk gidan da ya wuce, matasan kai sai su sace, su zama fayau. Bai yi ƙara ba, sai wani ɗan shuuu, kamar mutane da yawa suna raɗa a nesa.

Washegari da azahar ya iso Gangaren Dinya. Nomau yana zaune a ƙofar gida da rawaninsa. Yara suka fara ihu suna nuna sama. Abin ya sauko a hankali, a hankali, kamar ba ya son ya tashi kowa daga barci. Ya sauka a kan jinka, a kan danga, a bakin rijiya. Ya shiga wuyan riga, ya shiga hammata, ya shiga ƙarƙashin rawani.

Nomau ya ji wani abu a bayan wuyansa wanda bai san sunansa ba. Ba zafi ba ne, ba ciwo ba ne, ba cizo ba ne. Kamar dai ana kiransa ne ta fata. Hannunsa ya tafi wurin da kansa, farce ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ji daɗi na ɗan lokaci, sai kiran ya koma kafaɗa. Ya bi shi kafaɗa, ya koma tsakiyar baya inda hannu ba ya kai. Kafin la'asar Sarkin Noma ya tuɓe rawani ya tuɓe riga, yana goga bayansa jikin bishiya kamar akuya. Duk wanda ya ci tuwon bikin naɗi ya samu rabonsa. Aka yi wanka, aka shafa man shanu, aka shafa toka, abin sai ya lafa ya dawo.

Ita Tabawa, jikinta ƙalau. Hannuwanta biyu kawai abin ya kama, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, daidai inda suka nutse ranar da ta cika taiki. Tun da ta ga farin girgijen ta san daga inda ya fito.

A rana ta biyu gajiya ta kai ta gindin wata tsamiya a bayan gari, irin wannan da muke zaune. Rana ta yi tsaka, kurciya tana kuka, ƙasa tana fitar da tururin ruwan da ta sha. Ta jingina da itacen, idonta ya lumshe. Sai ta ga kamar gonakin garin duk sun koma kaka, gero ya yi tsayi ya wuce kan mutum, yana kaɗawa babu iska. Daga cikin geron wata mace ta fito, doguwa, da farin zane mai yashi-yashi. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sosai, kowane taku sai ta ɗan yi sama kafin ta sauko. Bayanta a sunkuye kamar na wadda ta daɗe tana goyo, amma babu ɗa a bayan.

Ta zauna kusa da Tabawa ta ce, "Kin gane ni?"

Tabawa ta ce, "Na san muryar. Na ji ta a bayan rumbu."

"Kin ji, kika kau da kai. Ni ce uwar majanyi. Duk wanda ke gonakin ƙasar nan ɗana ne. Ƙanwarki ta ce wata biyar ba mu ce komai ba. Mun yi magana, Tabawa. Muryarmu ce ƙarama, kuma a duk ƙasar nan kunne ɗaya ne yake jin ta, shi ne naki."

Tabawa ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hannuwanta da suka yi ja. Ta ce, "Na ji tsoro ne. Ba ni da inda zan je."

Matar ta ce, "Na sani. Ban zo faɗa ba. Dubi, ko zama ba na iya yi da kyau, sai na riƙe saiwar nan kada iska ta ɗauke ni. Tunda kunne bai ishe mu ba, mun koma yi wa fata magana, ita ba ta iya kau da kai."

"Me zan yi ku huce?"

"Ruwa na biyu zai sauka a Kwarin Gawo nan da kwana uku. In ya sauka babu iri a hannunsu, shekara ta wuce su, kuma ba duka za su ga ta gaba ba. Abin da ya rage kin san shi."

Tabawa ta ce, "In na kai, za ku koma yadda kuke?"

Matar ta yi ɗan murmushi. Ta saki saiwar da ta riƙe. Iska ta ɗaga ta a hankali, zanenta ya warwatse ya zama ƙananan abubuwa masu ƙyalli, suka bi ta cikin ganyen tsamiya suka ɓace. Tabawa ta buɗe ido, ta ga gonaki babu komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta tashi ta nufi gida. A garin nan mace ba ta hawa rumbu, amma Tabawa ta jawo tsani ta jingina a na goma, ta hau, ta ture murfin. Ta kira matan gida ta ce su kawo duk taikin da ke gidan, su kamo jakuna. Suna susa suna kawowa, babu wadda ta tambaye ta dalili.

Nomau ya shigo da guntun kara a hannu yana soka wa bayansa. Ya ga ƙanwarsa a kan rumbu tana miƙo gero ƙwarya-ƙwarya.

Ya ce, "Ke! Wa ya ba ki izini? Sauko!"

Ta ce, "Ba zan sauko ba, Yaya. Taiki huɗu ka yi alkawari a gaban mutane. Takwas zan kai, huɗu na alkawari, huɗu na wata biyar da suka yi suna gadin abin da ba iri ba."

Maƙwabta sun riga sun taru a bakin danga. Tabawa ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna musu. Ta ce, "Ku duba. Da waɗannan na cika wa Hakama taiki da majanyi, na rufe da gero. Shi ya ce in yi, ni kuma na yi. Abin da ke cin jikinku ke nan."

Nomau ya buɗe baki zai ƙaryata ta. Sai wata 'yar iska ta kwaso abin daga kan jinka ta watsa masa a fuska, ya shige masa maƙogwaro. Yana son ya ce, "Kai! Kai! Yi abin da za ki yi!" amma maƙogwaro ya shaƙe, maganar ta fito a maƙale: "Ƙai! Ƙai! Yi..." Sai tari ya sarƙe shi. Ya zauna a ƙasa yana nuna rumbun da hannu, yana maimaitawa, "Ƙai, ƙai, yi!"

Wata tsohuwa a bakin danga ta fashe da dariya duk da susar da take yi, ta ce, "To, ga sunansa nan Sarkin Noma ya raɗa masa." Kafin jakuna su bar gari, kowa yana cewa ƙaiƙayi ya dame shi, kuma in an tambayi mene ne wannan farin abu a kan danga, sai a ce ƙaiƙayi ne.

Tabawa ta kora jakuna huɗu ita kaɗai. Tana barin gari susar mutane ta fara lafawa. Kwana biyu tana tafiya, hadari yana haɗowa a gabanta. Ta isa Kwarin Gawo da hantsi, ta tarar da ƙauyen shiru. Gida uku sun riga sun kwashe sun tafi neman abinci wata ƙasa. Hakama tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙaramin ɗanta kwance a cinyarta, wuyansa kamar zare.

Tabawa ba ta yi sallama da baki ba. Ta sauke taiki ɗaya, ta zaro wuƙa ta farke shi daga gindi. Gero ya zubo, tsantsa, har ƙasa. Ta farke na biyu daga gindi. Ta nufi na uku, Hakama ta ce, "Ya isa, kada ki ɓata fata."

Tabawa ta durƙusa a gabanta, ita da take babba. Ta ce, "Auta, kin yaba ɗaurina ranar nan. Ni na zuba, ni na ɗaure. Na sani, na bar ki kika tafi."

Hakama ta daɗe tana kallonta. Ta kalli hannuwan da suka yi ja, suka farfashe. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗebi gero tafi biyu ta miƙa wa babbar 'yarta ta ce a dama wa yaro kunu. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya biyu, ta ba Tabawa ɗaya.

Ta ce, "Tashi, Yaya. Ga hadari can. Maza za su sara, mu mu bi da iri."

Suna cikin shuka ruwa ya sauko, ba su tsaya ba. Tabawa ba ta koma Gangaren Dinya ba. Ta zauna a Kwarin Gawo, suka yi noma tare, yaron nan ya tashi, gida biyu cikin ukun da suka tafi suka dawo. Nomau kuwa ya riƙe sarautarsa, amma har ya mutu in ya wuce sai ya ji wani a bayansa yana ɗan tari yana cewa ƙai, ƙai.

Da kaka ta zo, geron Kwarin Gawo bai yi yawa ba, amma ya isa. Mata suka shimfiɗa tabarmi, suka jera zangarniya, suka ce ga mai murya a cikinmu. Tabawa ta yi waƙa. Babu abin da ya motsa. Ta sake yi, ta sake, har muryarta ta dushe. Hakama ta matso ta durƙusa, ta sa bakinta kusa da zangarniya ta ce, "Na janye maganata. Ba kai ka cuce ni ba. Na faɗa ne cikin zafin rai."

Suka kasa kunne. Tabawa ce kawai ta ji amsar, ita ma da ƙyar, kuma daga ranar ba ta ƙara jin muryar ba. Ta juyo ta gaya wa matan. Ta ce, "Ya ce ya ji, kuma ba ya riƙe da kowa. Amma nauyin ba ya so a mayar masa. Ya ce da nauyin aka yi ƙarya da shi, gara ya zauna babu. Kuma ya ce ba zai ƙara sakin ɗa don an yi masa daɗin baki ba. Mai so ya sa ƙarfinsa."

Can Hakama ta tashi ta mirgino turmi, ta zuba zangarniya, ta ɗauki taɓarya. Ita ce mace ta farko da ta yi sussuka. Tabawa ta ɗebi abin da aka sussuka a ƙwarya, ta ɗaga sama ta zubo a hankali, iska ta kwashe marar nauyin ta bar ƙwaya. Ita ce ta farko da ta yi sheƙa.

Shi ya sa har wa yau sai an daka an sheƙe kafin a ga ƙwayar gero, kuma abin da iska ta kwashe ake ce masa ƙaiƙayi, haka ma abin da yake sa wa fata. Maganar Hakama kuwa ta riga ta shiga bakin mutane, ba ta fita ba. In mutum ya cika ku da zance babu gaskiya a ciki, ko aka kawo kaya masu yawan ido babu na amfani, sai ku ji manya sun ce, wannan ai ƙaiƙayi ne. Shi bai damu da sunan ba. Abin da ya nema ya samu: tun daga shekarar nan babu wanda ya ƙara iya ɓoye shi a buhu ya ce hatsi ne. Ɗagawa ɗaya za ka yi ka gane. In kuwa ba ka gane ba ka zura hannu, zai gaya maka da kansa.